Zanen da Nesta Ta Yi da Hagu

Gethin ya zagaya ɗakin sau biyu, bai ga zanen mahaifiyarsa ba.

Ba neman zanen ne ya kawo shi ba. Katako ya kawo, faffaɗa, wanda zai shimfiɗa a kan matakala biyun bakin ƙofa don kekenta na guragu ya samu hawa in an buɗe biki da ƙarfe biyu. Ya ajiye katakon, ya taka shi ya ji ba ya motsi, sannan ya ce bari ya leƙa ya ga inda aka rataye mata.

Coci ake ce wa wurin har yau, ko da yake shekara talatin ke nan rabon da a yi addu'a a cikinsa. Yau ne cikar talatin ɗin, tun da ƙungiyar masu zane ta garin ta mayar da shi nata. An yi wa bango sabon farin fenti, warinsa bai gama fita ba. An ɗaura balan-balan a jikin tsohon mumbari, an jera kofuna a kan dogon tebur. Zane-zanen baje kolin kaka sun cika ko'ina: tsauni, tumaki, tsauni da tumaki, tsohon ramin fasa dutse cikin hazo, karen wani. Arba'in da bakwai. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Babu nata.

Sai da ya juya zai fita ya ga sunanta.

Bangon da ke kusa da ƙofa, kowa a garin ya san na su wane ne. In ɗan ƙungiya ya mutu, nan ake rataye tsohon zanensa a kakar shekarar, mutane su tsaya, su sunkuyar da kai, su wuce. Bana an rubuta a samansa da manyan baƙaƙe: WAƊANDA SUKA KAFA. Zane biyar. Huɗu na mutanen da ciyawa ta daɗe da rufe kaburburansu. Na biyar na Nesta Parri ne, mahaifiyarsa, wadda ya baro a gida tana kokawa da maɓallin riga. Tsohon zane ne, na tafki da hasken yamma, wanda ta yi tun yana firamare. A ƙarƙashin kowanne an manna ɗan kati: suna, shekarar haihuwa, ɗan layi, shekarar mutuwa. Nata ma haka. 1951, ɗan layi, sai fili.

An bar mata wuri.

Ya tsaya yana kallon filin nan har ya ji kunnuwansa sun yi zafi.

A Nuwamban bara ɓarin jikinta na dama ya shanye. Hannun da ta yi shekara arba'in tana zane da shi ya kwanta kamar na aro. Magana ma ta tafi, 'yan kalmomi kaɗan suka dawo, su ɗin ma sai ta yi dambe da su kafin su fito. A Fabrairu ta nuna masa akwatin fentinta da haɓa. Tun daga ranar, kullum kafin ya tafi gareji sai ya matsa mata fenti a faranti, ya tokare allon da bulo biyu don kada ya zame. In ya dawo ya tarar da fenti a gashinta, a ƙasa, a jikin kyanwa. Wata takwas. Da hagu. Sau uku ya tsinto buroshin a bayan firji, inda ta wurga shi. Ranar Laraba shi da kansa ya naɗe zanen cikin bargo ya kawo nan, aka karɓa, aka ce an gode.

Idwal yana kan tsani a tsakiyar ɗaki yana gyara fitila. Tsohon mai raba wasiƙu ne, kuma shi ke rataye zane a Coci tun ranar da aka buɗe.

"Idwal."

"A'a, sarkin taya! Ka kawo mana gadar?"

"Ina zanen Mam?"

"Ga shi can bayanka. Wuri mai kyau, duk wanda ya shigo shi zai fara gani."

"Wanda na kawo ranar Laraba."

Idwal ya ci gaba da murɗa kwan fitilar da ya riga ya ɗauru.

"Kurumcewa ka yi, ko tsanin ne ya yi tsawo?"

"Ni ƙusa nake bugawa, yaro. Inda aka nuna mini, nan nake bugawa."

"Shekara talatin kana shan shayinta."

"Ban kuma taɓa cewa ba daɗi ba." Ya ƙi kallon ƙasa. "Menna tana ciki. Ita ce shugaba, je ka yi da ita. Ka saki tsanin nan, ƙuguna na roba ne, likita ya sa mini."

Sai a lokacin Gethin ya lura hannunsa yana kan tsanin. Ya sake shi.

Menna tana ɗan ɗakin baya, wanda a da limamin cocin ke sa rigarsa a ciki, yanzu ya zama kicin da ma'ajiya. Ƙawar mahaifiyarsa ce tun suna 'yan mata. Anti yake ce mata tun bai iya ɗaure takalmi ba. Tana yanka bara brith, burodin nan mai zabibi, tana shafa masa man shanu tana jerawa a tire. Da ta gan shi wuƙar ta tsaya, sannan ta ci gaba.

"Gethin, ɗana. Ka ci abinci kuwa? Ɗauki ɗaya."

"Ina kika kai shi, Anti?"

"Zauna mu yi magana."

"A tsaye ma ina ji."

Dokar baje kolin kaka ba ta da wuya, yaron da ke goye ma zai haddace ta. Kowane ɗan ƙungiya zane ɗaya. Aikin shekarar. Ba a zaɓe, duk wanda ya kawo a rataye masa, ko zanen ya yi kyau ko ya yi kama da ɓarin miya. Don haka aka kafa wurin, domin manyan gidajen zane na birni sun daɗe suna mayar wa mutanen garin nan da kayansu. Nesta ce ta rubuta dokar da hannunta, tana nan cikin firam a bayan ƙofar da Gethin yake tsaye.

"Mutum ɗaya, zane ɗaya," in ji Menna. "Nata yana bango."

"Aikin shekarar, aka ce."

"Wancan bangon daban ne. Kwamiti ya zauna..."

"Kwamiti! Ke da Idwal da matar likitan haƙori."

"Girmama ta muka yi."

"Binne ta kuka yi. Saura ku sa furanni."

"Kada ka ɗaga mini murya, Gethin Parri. Ni na wanke maka kashi."

"Katin fa?"

"Mai buga takardu ne ya yi su iri ɗaya, ba wanda ya ce masa..."

"Kin gani ko ba ki gani ba?"

"Na gani."

"Kika manna."

Ta ajiye wuƙar. Ta goge hannu a jikin tawul, yatsa bayan yatsa, kamar mai neman lokaci.

"To bari in tambaye ka. Ka kalle shi? Tsakaninka da Allah, ka taɓa tsayawa ka kalle shi?"

Gethin ya kau da kai.

Ya san abin da ke ciki. Amma fentin da yake matsa mata kullum, kansa a juye yake matsawa. Ranar Laraba ma a kife ya naɗe shi. Wata takwas suna gida ɗaya da zanen nan, bai taɓa ba shi minti guda cikakke ba. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ta sani.

Menna ta janye kujerun da aka jibge a lungu. Zanen yana nan a bayansu, kusa da bokitin goge ƙasa, fuskarsa a bango. Ta ɗauko shi, ta yaye bargon, ta jingina shi a kan tebur tsakanin tirori.

Hannu ne. Hannun dama na Nesta, kwance a kan ledar teburin kicin ɗinsu mai shuɗin furanni. Yatsun sun ƙanƙance sun lanƙwashe ciki kamar ƙafar kazar da aka yanke. Launin toka da ruwan hanta. Zoben aure ya nutse cikin kumburi. Layukan duk rawa suke yi, fentin ya yi kauri a wani wuri, ya zubo a wani. A gefen hannun akwai cokali, kusa ƙwarai, bai kai taƙi ɗaya ba.

"Yau biki ne," in ji Menna a hankali. "Kansila zai zo. Mai ɗaukar hoto na jarida zai zo. Yara za su zo. Mutane suna so su tuna da Nesta yadda take. Kana so su yi layi a gaban wannan suna cewa Allah sarki? Ita da ba ta taɓa yarda a ce mata Allah sarki ba?"

"Sau nawa kika zo gidanmu tun da ta faɗi?"

Menna ta sunkuya tana gyara zaman tire.

"Biyu. Na biyun a bakin ƙofa kika tsaya kika miƙo mini miya."

"Ba zan iya ganinta haka ba."

"Ita kullum tana ganin kanta haka."

Ya fizge zanen daga tebur har tire ɗaya ya zame. Ya fita babban ɗaki, ya ɗauke gudumar Idwal daga ƙasan tsani, ya nufi bango. Sai ya tsaya. Babu wuri. An jera su kafaɗa da kafaɗa, ko tafin hannu ba zai shiga tsakani ba. In zai rataye nata, sai ya sauke na wani: na direban motar makaranta, ko na matar da mijinta ya rasu a bazara, ko na yarinyar da ke wanke kwanuka a shagon kifi, wadda bana ce farkon kawowarta. Ƙusa ɗaya ce kawai zai iya taɓawa ba tare da ya zalunci kowa ba, ita ce ta wancan bangon, tsakanin matattu.

Ya yi tsaye da guduma a hannu ɗaya, zane a ɗaya, zuciyarsa ta taso masa har wuya, ba shi da inda zai sauke ta.

"Yaro," in ji Idwal daga sama, "ajiye abin nan."

Ya ajiye ta a kan dogon tebur, da ƙarfin da ya sa kofuna sittin suka yi ƙara tare. Ya koma ya ɗauki bargon, ya naɗe zanen, ya fita. A mota ya yanke shawara: ba za ta zo ba. Su ci burodinsu.

Ya tarar da ita a falo, cikin kekenta, fuskarta na kallon ƙofa. Ta sa jan kwat ɗinta. Ita ta ɓalla maɓallan da kanta, ta tsallake ɗaya, rigar ta karkace. Ta shafa jan baki da hagu, ya ɗan haura leɓe. Jaka a cinya. Ƙarfe ɗaya bai yi ba tukuna.

"Mam, an ɗage," ya ce, yana cire takalmi don kada su haɗa ido. "Rufin ne yake yoyo. Sai wani mako."

Ta juya kai wajen taga. Motar tana daf da tagar, ruwan sama na gangarowa a gilashinta, amma ana ganin kujerar baya sarai.

"Bargo," ta ce.

Ya zauna a hannun kujera. Ya so ya tausasa maganar, bai iya ba. Ya zazzage mata duka, da kujeru, da bokiti, da bangon ƙofa, da katin da filinsa. Yana faɗa muryarsa na hawa, kamar ita ce ta yi laifin. Ɓarin fuskarta mai rai ya ɗaure. Ɗayan yana nan yadda yake.

"Mota."

"Ba za ki je ba, Mam."

"Mota."

"Ba zan tura ki cikinsu su yi miki kallon gawa ba. Ki bar su. Zan rataye shi nan, a kan murhu, duk wanda yake so ya zo ya..."

Ta kai hannun hagu ta share kofin shayin da ke kan ɗan tebur. Ya daki bango ya tarwatse, kyanwa ta yi waje. Ta cika ƙirjinta da iska, jijiyar wuyanta ta tashi.

"Gethin. Parri."

Kalma biyu a jere. Rabon da ya ji ta haɗa biyu tun kafin bikin Ista.

Ya tashi ya sa takalminsa. Ya miƙa hannu zai gyara mata maɓallin, ta buge hannun.

Biyu da rabi suka isa. Ganyen da iska ta kakkaɓo ya jiƙe ya manne a titi, tayar keken tana santsi. Daga waje ana jin muryar Menna ta lasifika. Katakonsa yana nan inda ya bar shi. Ya tura keken a kai, ya yi ƙara kamar ganga, kawuna suka juyo.

Ɗakin ya cika maƙil, yana warin jiƙaƙƙun riguna da fenti. Kansila yana tsaye kusa da kek, da sarƙarsa ta ofis a wuya. Menna tana kan mumbari da takarda a hannu.

"...kuma 'yar'uwata Nesta, wadda ta kasance mace mai..."

Ta gan su. Sauran maganar ta maƙale.

Sai ga shi ya fara, ƙasa-ƙasa, daga baki zuwa baki. Allah sarki. Allah sarki, Nesta. Wani mai ƙaton tumbi, wanda ya taɓa sayar musu da inshora, ya sunkuyo har hancinsa ya kusa taɓa nata, ya ɗaga murya yana jan kalmomi kamar mai magana da jariri.

"NES-TA! KIN GA-NE NI?"

Cikin 'yan kalmomin da suka dawo mata akwai zagi guda ɗaya, shi kuwa ba ya ba ta wahala.

"Jaki," ta ce.

Ya miƙe ya ja da baya.

Ta sa Gethin ya juya ta wajen bangon ƙofa. Ta kalli tafkinta na da. Ta kalli na mutum huɗun nan, waɗanda da ita suka kankare bangon nan, suka kwashe kashin tattabaru da shebur. Sannan ta sauke ido kan katin. Ta daɗe a kansa. Gethin yana bayanta, yana jin yadda hannayensa ke matse mariƙin keken. Da ta ce masa ya kife teburin nan, da ya kife shi da murna.

Ta nuna ƙasa, tsakanin ƙofa da teburin shayi, inda hanya ta fi ƙunci.

"Nan."

Ya kai ta, ya juya ta tana fuskantar jama'a, ya taka birki.

"Zane."

Ya yaye bargon. Ya ɗora mata zanen a cinya, fuskarsa a waje. Ta kama saman firam ɗin da hagu. Hannun dama kuwa, na gasken, yana kwance a ƙasan firam, a kan jan kwat, da zobensa da kumburinsa. Duk wanda ya kalli ɗaya sai ya ga ɗayan.

Menna ta ƙarasa jawabinta a gurguje, ta tsallake shafi guda. Kansila ya ce 'yan kalmomi a kan al'umma da haɗin kai, ya yanka kek. Aka ce kowa ya matso ya sha shayi. To, hanyar shayin ta gaban Nesta take, hanyar fita ma haka.

Suka riƙa wucewa. Wasu suna kallon takalmansu. Wasu suka gano ba sa jin ƙishirwa. Matar likitan haƙori ta wuce a karkace kamar kaguwa. Wata 'yar yarinya ta ja rigar uwarta ta ce da ƙarfi, "Mama, hannun matar ne!" aka ja ta gaba. Gethin yana tsaye yana bin kowannensu da ido, yana adana fuskokin.

Mutum ɗaya ya tsaya. Wani tsoho ne da sanda, cikin na ƙarshe da suka yi aiki a ramin dutse kafin a rufe shi. Ya sa tabarau, ya sunkuya, ya daɗe. Bai kalli fuskarta ba, zanen yake kallo.

"Kin samu launin," ya ce. "Haka na babana ya yi. Tokar nan." Ya nuna da ɗan yatsa. "Amma cokalin ya fi mugunta. Da ni ne da na matsar da shi nesa kaɗan."

"A'a," in ji Nesta.

"To. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Ya cire tabarau ya wuce.

Idwal ya zo da guduma da ƙusa a baki, yana tafiya kamar mai taka ƙwai. Ya cire ƙusar.

"Nesta, haba. Kawo in sauke tsohon can in sa wannan. Minti ɗaya."

"A'a."

"To ina kike so?"

Ko kallonsa ba ta yi ba. Idonta yana can ƙarshen ɗaki, inda Menna ke ƙara wa mutane shayi a kofunan da ba su sha ba.

Minti ashirin. Talatin. Firam ɗin katako ne mai nauyi, Gethin ne ya zaɓo shi, yanzu yana tsine wa kansa. Hannunta ya fara rawa daga gwiwa, zanen yana kaɗawa. Ya kai hannu zai tallafa mata ta gefe, ta yi masa wani gurnani daga maƙogwaro, ya janye. Gumi ya tsattsafo mata a goshi. Ba wanda ya tafi gida. Ba wanda ya ci kek.

Sai zanen ya kuɓuce. Ya zame daga cinyarta ya faɗi a kife, ƙararsa ta cika Coci har rufi.

Gethin ya durƙusa ya ɗaga shi. Kusurwa ɗaya ta ɓantare. Ya ce a ransa shi ke nan, ta yi iyakarta, a tafi gida. Ta miƙo hannun nan mai karkarwa ta sake kama saman firam ɗin.

Ya miƙe. Bai san lokacin da muryarsa ta fita ba.

"Anti Menna! Sai hannun nan ma ya mutu za ki zo?"

Mutane suka dare. Menna ta ajiye butar shayi. Ta taho ta tsakiyarsu, da takalmanta na biki masu ƙwas-ƙwas, fuskarta ta yi ja har wuya. Ta tsaya a gaban keken.

"Nesta, ƙawata, ni don ke na..."

"Duba."

Menna ta kalli fuskarta.

"A'a." Nesta ta girgiza firam ɗin. "Duba."

Menna ta sauke ido. Gethin yana kallonta, yana jira ta kau da kai ya samu abin faɗa. Ba ta kau da kai ba.

"Har yanzu ledar nan ce a teburinki? Tun yaushe nake ce miki ki jefar da ita."

Nesta ta tura mata zanen a ƙirji.

"Ke."

Menna ta karɓa, don in ba ta karɓa ba zai sake faɗuwa. Ta juya tana neman wuri, da zane a hannu, a gaban mutum ɗari. Idonta ya je kan bangon ƙofa.

"A'a," in ji Nesta.

"Babu wuri, Nesta. Ki duba da kanki. Ko'ina a cike yake."

Nesta ta jingina da kekenta. Ta jira.

A babban bango, wanda ke fuskantar mai shigowa, ƙarƙashin doguwar taga inda haske ya fi kyau, akwai wani ƙaton zane na gada da agwagin ruwa biyu. Na shugaba ne. Kowace kaka nan yake zama, ba a taɓa tambaya ba. Menna ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta tafi, ta jingina na Nesta a ƙasa, ta kama nata da hannu biyu. Idwal ya matso zai taimaka.

"Matsa, Idwal."

Ta sauke shi da ƙyar, tana nishi. Ta ɗaga na Nesta, ta yi ta laluben ƙusa da igiyar baya, sau uku tana kuskurewa. Ya ratayu. Ƙarami ne a wurin, farin bango ya yi masa yawa ta kowane gefe.

"Sama," in ji Nesta daga inda take.

Menna ta ɗaga kusurwa ɗaya.

"Hagu."

Ta tura.

"Jaka," in ji Nesta, zagin nan nata guda.

"Na ji," in ji Menna, ba ta juyo ba. "Shekara hamsin ina ji."

Kansila ne ya fara tafi. Sauran suka kama, da sauri, da ƙarfi, kamar waɗanda aka kwance wa ɗauri. Mai inshora har da fito. Matar likitan haƙori tana share ido. Mai ɗaukar hoto ya kutso yana cewa a matso da keken kusa da zanen, a sa shugaba a gefe, wannan shi ne hoton shafin farko.

Gethin ya kalle su. Rabinsu sun shigo nan tun ranar Alhamis suna jera kujeru, sun wuce katin nan sau goma, ba wanda ya ce uffan. Yanzu suna tafi. Wa suke tafa wa? Mai hoton ya kai hannu kan mariƙin keken.

"Taɓa shi ka gani," in ji Gethin.

Mutumin ya janye hannunsa.

Ya zagayo gabanta ya durƙusa, ya ba jama'a baya. Hannunta na hagu yana nan a sama kaɗan, yatsun sun ƙage yadda suka riƙe firam ɗin, sun ƙi buɗewa. Gefen katakon ya bar mata jan layi a tafi. Ya kama hannun, ya shiga miƙar da yatsun ɗaya bayan ɗaya, yana murza su. Sun yi sanyi ƙalau.

"Mu tafi gida, Mam," ya ce. "Ya isa."

Ba shi take kallo ba. Ta saman kafaɗarsa take kallon babban bango, ido ɗaya a kanne.

"Ya karkace," ta ce.